Mariƙin libarba na gasa: kada ka tura kuɗi tukuna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce an ɗauke ka cikin 'yan wasan harbi na rundunarku a Abuja, an ba ka libarba mai cin harsashi .38 daga ma'ajiyar makamai, mariƙinta ya yi wa hannunka kauri, harbinka yana ta taruwa a hagu, kuma kana so a faɗa maka wanne za ka yi oda tsakanin na roba mai gurbin yatsu da na katako irin na 'yan gasa. Wasu sun riga sun amsa maka da sunayen kamfanoni. Ni dai shawarata ka riƙe kuɗinka na ɗan lokaci, don ni na taɓa yin wannan gaggawar kuma na ji a jikina.

Abu biyu ne ba ka faɗa mana ba, kuma duk amsar a kansu take. Na farko, wace irin gasa? Idan ta mita 25 ce a ƙa'idar hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, da hannu ɗaya ake harbi, kana tsaye, ɗaya hannun yana aljihu ko a bel. Duk wanda ya kalli Yusuf Dikec na Turkiyya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, wanda ya ci azurfa hannunsa a aljihu har duniya ta yi ta maganarsa, ya ga tsayuwar da nake nufi, ko da yake shi bindigar iska ce ta mita 10. Idan kuwa irin gasar nan ce ta sauri da ake kama bindiga da hannu biyu, a harbe a sake ɗurawa agogo yana tafiya, to mariƙin da ya dace da waccan zai zame maka cikas a wannan. Na biyu, wace libarba ce takamaimai? Idan Smith & Wesson ce, jikinta hawa-hawa ne: akwai J ƙarama, akwai K da L, akwai N babba. K da L mariƙi ɗaya suke sha, N kuwa nata daban. Kuma ko a cikin K ɗin, akwai mai gindi zagayayye akwai mai gindi mai kusurwa. Ka kwance noti ɗayan nan da ya haɗa katakan biyu, a gaban mai kula da makamanku, ka dubi ƙarfen da idonka. Na san wanda ya jira wata biyu kaya suka iso, ya zo ɗaurawa ya tarar gindin ba nasa ba ne. Har yau mariƙin yana cikin durowarsa.

Zan ɗauka ta mita 25 ce, don ita na fi daɗewa a kai.

Mutane suna zaɓen mariƙi da tafin hannu, su damƙa su ji ya cika musu hannu su ce ya yi. Ni da yatsan kunama nake zaɓe. Ka tabbatar bindigar babu harsashi, ka buɗe gangar, wato inda ake zuba harsasai, ka duba da ido ka sa yatsa ka ji, sannan ka rufe ka ɗana ta, ka miƙe hannu. Ƙarfen bayan mariƙin ya zauna daidai tsakiyar ramin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, ta yadda hancin bindigar zai yi layi ɗaya da ƙashin hannunka. A haka, ba tare da ka murɗa hannu ba, dubi inda manuniya ta sauka a kan kunama. Tsokar gaɓar farko ake so ta kwanta a kanta sosai, ta ja ta baya tsaf. Idan da ƙyar kan yatsan yake taɓowa, to kana tura kunamar ne daga gefe, kuma ga mai harbi da dama, hagu harsashin zai tafi. Abin da nake zargi ke damunka kenan. Mutum kuma yakan yi dabara ya zagayo da hannunsa don yatsan ya kai, sai bindigar ta koma kan ƙashin babban yatsa, tokarinta ya riƙa bugun wurin, kafin harbi talatin ya fara jin tsoron bindigarsa bai sani ba.

Kada ka raina wannan karkacewar. Tsakanin saitin gaba da na baya a libarba mai baki inci shida bai wuce kamar milimita 200 ba. Idan saitin gaba ya goce da rabin milimita kacal, a mita 25 ya zama sama da santimita 6. Da'irar maki goma kuwa, a allon harbin natsuwa, faɗinta duka milimita 50 ne. Rabin milimita, kaurin farcenka ke nan, ya fitar da kai daga goma.

To yawancin mariƙan roba, irin na Pachmayr da wasu na Hogue, an yi su ne don su sha tokarin harsashi mai ƙarfi. Wasu daga cikinsu suna lulluɓe ƙarfen baya da roba, wato suna ƙara nisa tsakanin tafin hannu da kunama. Kai da kake kukan kauri, ka ga an ƙara maka ciwo. Idan robar ce dole, nemi wadda ta bar ƙarfen baya a buɗe. Gurbin yatsun nan kuma da ke burge mutane a hoto, a hannun wani aka auna shi, ba naka ba. In ya dace da kai, madalla. In bai dace ba, tudun zai faɗo a tsakiyar yatsanka, kuma roba ba ta karɓar gyara yadda katako yake karɓa. Ga shi tana da laushi, yau ka matse ta shiga, gobe ka sassauta ta dawo, alhali harsashin gasa na .38 ba wani tokari gare shi ba da za a ce sai an sa masa katifa. Ban ce roba ba ta da rana ba. A bakin aiki, cikin ruwan sama da gumi, ita zan ɗauka. A layin mita 25 dai katako.

Na katakon da ake yi wa 'yan gasa, irin na Nill ko Rink na Jamus, yana da ɗan dandamali a ƙasa inda gefen tafin hannu yake zama, da wurin ɗora babban yatsa. Amfaninsa ɗaya ne: ya mayar da hannunka wuri ɗaya kowane ɗauka. Harbi sittin ne, talatin na natsuwa, biyar-biyar cikin minti biyar, talatin kuma na sauri, inda allo yake fuskantarka daƙiƙa uku ya kau da kai daƙiƙa bakwai, kai kuma hannunka yana ƙasa sai ya juyo ka ɗaga. Da libarba, tsakanin kowane harbi sai ka sake ɗanawa. Idan da babban yatsan hannun harbin kake ɗanawa, riƙonka yana motsi sau talatin a na saurin kaɗai. Shi ya sa na koma ɗanawa da hannun hagu, na bar na dama a inda yake. Ka gwada wannan tun kafin ka sayi komai, wataƙila rabin matsalarka ta tafi a nan.

Yanzu ga wautar da na yi. Lokacin ina aiki a Jos, na samu mariƙin katako mai dandamali, na hannu, wajen wani babba da ya ajiye wasan. Ya yi mini ɗan yawa. A watan Disamba ne, kuma wanda ya san Jos ya san sanyinta, gari ne a kan tudu sama da mita 1,200, da asuba ruwan famfo kamar ya yanke maka yatsa. Na sayo fotin da masu gyaran jikin mota suke shafawa, na samo magagari da samfefa wajen wani kafinta a kasuwar Katako, na zauna a baranda kusan mako biyu. In kwaɓa fotin, in shafa, in naɗe hannuna da leda in damƙa har ya fara ɗaukar zafi ya daskare, in goge, in sake. Da na gama, hannuna yana shiga kamar an zuba shi a ciki. Na matse dandamalin na ɗaure notinsa tamau. Makina ya hau, na fara jin kaina.

A watan Maris aka kira mu gasa a Abuja. Ranar tantance kaya aka sa bindigar a akwatin awo, wanda tsawonsa milimita 300 ne, faɗi 150, zurfi 50. Murfin ya ƙi rufuwa. Fotin da na lafta a gefen dama ya sa kaurin ya haura 50 da ɗan kaɗan. Alƙalin bai ce mini komai ba, ya dai turo mini ita da yatsa biyu. Na fita bayan rumfa na zauna a kan bulo ina gurzar aikin mako biyu da samfefar aro, ƙurar foti fari fat a wandon kaki, abokan wasa suna wucewa suna yi mini sannu da aiki. Wannan ma mai sauƙi ne. Washegari da rana ta take, hannun da na auna a sanyin Jos ya kumbura da zafin Abuja, ya ƙi shiga. Na tura shi da ƙarfi. Kafin a gama zagaye na uku ƙaramin yatsana ya mutu, ina jin bugun jinina a cikin katakon, saitin gaba yana rawa da kowane bugu. Makullin notin dandamalin kuwa yana Jos a kan taga. Ban faɗi makin da na ci ranar ba ko a gida.

Hannu ba ƙarfe ba ne. Da safe daban, da la'asar daban, da azumi daban, ranar da ka sha gishiri a miya daban. Saboda haka in za ka sayi mai dandamali, sayi wanda ake ɗagawa a sauke, kuma makullinsa ya zauna a jakar bindigar, ba ya fita. In za ka yi gyara, yi shi a irin yanayin da za ka yi gasa, da rana, bayan ka yi harbi hannu ya ɗumama. Ka bar ɗan sarari. Kuma kada ka taɓa katakon da magagari sai ka yi aƙalla mako biyu kana harbi da shi yadda ya zo, kana sa alama da fensir a inda yake cizonka. Wuri ɗaya ake gyarawa a rana, a je a harba, a dawo. In ka gyara uku lokaci guda harbi ya canza, ba ka san wanne ya yi aikin ba. Abin da ka ƙara da foti kana iya gogewa, wanda ka ci da magagari ya tafi. Wurin da nake fara dubawa shi ne gefen dama inda gindin manuniya yake wucewa: yatsan nan kada ya goga katako ko kaɗan, in yana goga, duk jan da ka yi sai ya ture bindigar. Sai bayan zoben kunama, inda libarba take da rami. Mariƙi mai kyau yana cike wurin don nauyin bindigar ya zauna a kan yatsan tsakiya, kada zoben ya riƙa dukan gaɓarsa.

Ka riƙe sauran ƙa'idojin tun kana gyara, kada a tura ka bayan rumfa. Mariƙi ba zai zagaye hannu ba, ba zai taɓa wuyan hannu ba. Dandamalin ba zai lanƙwaso sama ya rungumi hannu ba, babban yatsa kuma dole ya iya ɗagawa sama ba abin da ya tare shi. Bindigar duka kada ta wuce gram 1400, kunama kuma ta ɗauki gram 1000 ba ta faɗi ba. Foti yana da nauyi, ka auna bayan ka gama. Ana sabunta littafin ƙa'idar lokaci-lokaci, ka karɓi na yanzu wajen kocinku.

In kuma ta hannu biyu ce gasar taku, ka manta da dandamali gaba ɗaya, zai hana hannun hagu wurin zama. Siriri ake so, wanda gefensa na hagu yake da rami don kada ya tare abin ɗura harsashi shida lokaci guda. Jerry Miculek na Amurka, wanda a 1999 ya harba shida ya sake ɗurawa ya harba shida cikin daƙiƙa 2.99, mariƙin da ake sayarwa da sunansa sumul yake, ba gurbin yatsu, don hannu ya iya gyara zama in an cafko ba daidai ba.

Ga masu karantawa da suka fara tambaya a ƙasa ina ake sayen libarba: dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin da aka haramta, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa, ko bindigar iska ma tana buƙatar lasisin 'yan sanda. Shi ya sa kusan duk wanda ka gani a wannan layin mai kaki ne. Kai ma ƙanena, bindigar ba taka ba ce, ta gwamnati ce. Ka nemi izini a rubuce kafin ka canza mata komai ko ka yi odar wani abu nata daga waje, ka adana mariƙinta na asali da notinsa a leda da lambar bindigar a jiki, don ranar mayarwa za a tambaye ka.

Abin da zan so ka yi a makon nan: ka zagaya abokan wasanka, duk mai libarba irin taka ka roƙe shi ka riƙa, ka harba goma in ya yarda. Ka auna faɗin tafin hannunka ta kan gaɓoɓin yatsu huɗu, ban da babban yatsa, don da wannan awon masu yin na katako suke raba ƙarami da matsakaici da babba, kuma ka auna da rana, ba da asuba ba. Sannan ka ɗauko mana hoton hannunka riƙe da ita daga sama da kuma daga dama, ganga a buɗe, tare da hoton allonka na ƙarshe. Ina shigowa Abuja ƙarshen wata wajen 'yata a Kubwa, in kocinku ya amince zan leƙo filin da magagarina.