Tumatirin da Aka Dasa a Makare

Ka ce tumatirin da ka dasa a bayan gidanku ya yi 'ya'ya jingim, manya-manya, amma yau mako uku ke nan yana nan kore shar, wanda ya fara juyawa kuma sai ya tsaya ruwan ɗorawa a wuya, ya yi tauri kamar ɗanyar gwaba. Kana tambaya wane magani za ka saya ka fesa.

Babu wani magani, ɗana. Ku yaran yanzu komai sai feshi. Ganye ya lanƙwashe, feshi. Fure ya zube, feshi. Shekara biyu kana bina lambu, har yau ba ka koyi ɗaga kai ka dubi rana ba kafin ka dubi kwalba.

Ba sai na tambaye ka ranar da ka dasa ba, a gabana ka kwashi ragowar dashen nan a ƙarshen Janairu, na yi maka shiru don ka gani da idonka. Jan tumatir sanyi-sanyi yake so, tsakanin digiri 20 da 25. Da zafi ya haura 30 sai jan ya daina fitowa, ruwan ɗorawan kawai ke ci gaba. To dubi Kano a Afrilu, ana taɓa 40 da rana tsaka. Shi ya sa tun da ruwan dam ɗin Tiga ya fara sauka gonakin Kadawa iyayenmu suke dashe a Oktoba da Nuwamba, ya nuna cikin hunturu, ja wur har cikin tsokarsa.

Wannan wuyan ruwan ɗorawa da ka kwatanta, ni na san shi fiye da kowa, don shi ya raba ni da injin ban ruwana.

Bayan shekarar da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki, 2016, kowa ya ga yadda kwando ya yi tashin gwauron zabo, kowa idonsa ya rufe. Wani mutum ya same ni a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, fes-fes da shi, hula a karye, carbi a hannu. Ya ce yana kai kaya Legas. Ya ce, "Baba, kowa na kawo tumatir a Fabrairu, kasuwa ta cika, ana zubarwa. Ka dasa mini a makare, ya fito lokacin da babu, zan kwashe duka a farashin ranar." Ya ajiye kafin alƙalami ɗan kaɗan, sauran kuma ya ce taki zai kawo a madadin kuɗi. Da motar ta zo, yuriya ce zalla, babu kamfa ko buhu ɗaya. Na san ba daidai ba ne. Wallahi na sani. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala, na karɓa.

Gona ta yi kyau har mutane na tsayawa a bakin hanya suna kallo. Ganye baƙi ƙirin, ya kai ƙugu. Yuriya ke nan, tana ciyar da ganye, 'ya'ya kuma su yi ta jira. Sai bazara ta buɗe wuta. Kullum da asuba in shiga fangali in ɗaga reshe, in tarar da su yadda na bar su jiya. Da suka juya, gindi ja, wuya ruwan ɗorawa. Na yanka ɗaya da wuƙa, ciki fari-fari da jijiya kamar rogo.

Mutumin ya zo da yaransa biyu. Ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya, ya jefar a gabana, a gonata, ya ce wannan ba ya shiga Legas. Ya ce kuɗin takinsa kuma bashi ne, yana jira. Shi da ya zaɓi lokacin, shi da ya kawo takin. Babu takarda, babu shaida sai Allah. Tumatir ba ya jiran shari'a, don haka washegari da wani yaro ya zo ya taya da abin da bai kai rabin kuɗi ba, na sallama. Bayan kwana biyu na ga kwandunana, da alamar jan ƙyallen da nake ɗaurawa a baki, ana lodawa a motar mutumin nan. Yaronsa ne ya turo. Ragowar tumatirin kuma, mata suka yanka aka yi kauɗa, ita ma ba ta yi ja ba, ta tafi a wulaƙance. Na sayar da injin na biya shi kuɗin yuriyarsa. Har gobe idan na ji ƙarar irin injin nan a fadama sai raina ya ɓaci. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To koma kan naka. Na tabbata ka zuba masa yuriya, don na ga buhuna ya ragu. Ka daina daga yau. Abin da 'ya'ya ke nema idan sun ƙosa shi ne fotash, yana cikin kamfa, akwai shi a tokar murhu ma, amma barbaɗawa ake yi kaɗan, nesa da gindi. Wanda wuyansa ya riga ya yi tauri ba zai gyaru ba, na baya kake ceto.

Kada ka kuskura ka tsige ganye wai don rana ta same su. Na ga ana koya muku haka a waya. Rana ƙona shi za ta yi, gefe ɗaya ya yi fari kamar takarda ya ruɓe. Kafa masa zana ko karan dawa ta yamma, ya samu inuwa daga azahar. Ban ruwa kuwa ba zan tsaya koya maka ba, sai dai kada ka bar shi ya bushe ƙayau sannan ka malale shi, fashewa zai yi.

Wanda ya fara sauya launi a gindi, ko da ɗigo ne, cire shi. Shimfiɗa a ɗaki mai sanyi, a ƙasa, kan buhu, kada ka tara su tuli. Zai fi yin ja a can fiye da a jikin uwarsa cikin wannan zafi. In kana gaggawa sa nunanniyar ayaba ɗaya a tsakaninsu ka rufe da kwali. Koren kuma gwada ɗaya da wuƙa mai kaifi: idan ƙwayar irin ta zille wa wuƙa kuma ciki ya yi yauƙi, ya ƙosa, 'yan'uwansa za su nuna a ɗaki. Idan wuƙa ta raba ƙwayar biyu, bai yi ba, bar su. Kabayid ɗin da masu mangwaro ke sawa, in na ji ka kusance shi, kada ka sake taka lambuna. Abincin mutane ne.

Gobe bayan sallar asuba ka zo mini da guda uku, kore ɗaya, mai juyawa ɗaya, mai taurin wuya ɗaya, mu yanka tare. Ka taho da wuƙata da ka ara tun watan jiya.