Amsa kan "stay tuned" da "dead air" da sauransu

Malam, ka ce kana sauraron tashoshin Turanci kana jin "stay tuned" da "dead air" da "hot mic" ba ka gane inda suka dosa. Na ɗan taɓa aiki a wata tashar FM ɓangaren injiniyoyi, bari in faɗa maka iya abin da na sani.

Wasunsu daga akwatin rediyo irin na da suka samo asali, mai allura. In ka taɓa neman BBC Hausa a gajeren zango da sassafe, ka zaro eriya kana murɗawa a hankali allura na tafiya tsakanin mita 19 da 25, shuuu na tashi, wani Balarabe ya shigo ya fita, sai can murya ta fito tangaran ka ɗauke hannu da sauri kar ta kuɓuce, to wannan murɗawar ita ce "tune". In mai gabatarwa ya ce "stay tuned" cewa yake bar allurar inda take kar ka gudu lokacin talla, namu kuma su ce kada ku je ko'ina. Har mutum ma akan ce ya yi "tune out" in ana masa magana hankalinsa ya tafi wani wuri, mutum biyu da tasu ta zo ɗaya kuma a ce suna kan "same wavelength". Yaran yanzu da ke jin rediyo a waya ba su san wannan wahalar ba shi ya sa abin ke musu baƙo.

"Dead air" kuwa shi ne tasha na kunne amma tsit, ba magana ba kiɗa. Wallahi ba abin da ke tada hankalin ma'aikata kamar shi, daƙiƙa biyar kawai za ka ga furodusa na ɗaga hannu ta bayan gilashi, don mai sauraro zai ɗauka batir ne ya mutu ya murɗa gaba. Wasu tashoshin har na'ura suke sakawa da in ta ji shiru ya yi tsawo sai ta sako kiɗa da kanta.

"Hot mic" makirfo ne da aka bari a buɗe mai magana bai sani ba. A 1984 shugaban Amurka Ronald Reagan yana gwajin murya kafin jawabinsa na rediyo ya yi barkwanci wai nan da minti biyar za a fara jefa wa Rasha bam, ba a watsa kai tsaye ba amma an naɗa, maganar ta fita duniya.

Su "roger" da "over" kada ka haɗa su da waɗannan, na masu oba-oba ne da matuƙan jirgi. "Roger" na ji saƙonka ne kawai, ba wai na yarda ba. "Over" na gama ina jiran amsa, "out" kuma na rufe zance, don haka "over and out" ɗin nan a fim aka fi jin sa, masu aikin ba sa haɗa su.