Tukurawa da Yusufawa duk jikokin Dabo ne

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai da gaske ne a da, in za a nemi aure, sai an bincika ko gidan yarinya Tukurawa ne ko Yusufawa? Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wa ya tono maka wannan?

Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi, sarkin da Bello ya gada, suka ce ba su yarda ba, suka bi ɗan'uwansu Yusufu zuwa Takai. Masu goyon bayan Tukur su ne Tukurawa, na Yusufu kuma Yusufawa. Yusufu ya rasu a Garko, jama'a ta koma hannun ƙanensa Alu. Tukur da Alu kuwa 'yan maza ne, duk jikokin Sarkin Kano Ibrahim Dabo.

Ina ɗan makarantar allo, wata rana aka tsuge da ruwa, muka maƙale a ɗakin kakata Inna, tana kaɗi. Ba wanda ya tambaye ta, ta fara. Ta ce tana ƙarama a 1894 aka garƙame ƙofofin birni, mayaƙa suka hau ganuwa, itace ya daina shigowa, har sai da suka fasa tsohon turmi aka tuƙa tuwo. Ranar da Alu ya shigo, uwarta ta tura ta cikin rumbu ta rufe da faifai. Daga ciki take jin ƙarar bindiga da sukuwar dawaki a lungu, sai kuma shiru. Da yamma aka fito da ita, ta tarar da mahaifinta a tsakar gida yana kuka. Shi yana cikin waɗanda suka tsare gari, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin waɗanda suka ci garin. Tukur ya fice, aka cim masa a Tafashiya a 1895.

Na ce, "Inna, to mu 'yan wane ɓangare ne?" Ta ajiye mazari ta dube ni. Ta ce babanta yakan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma wanda ya tona rami a tsakar gida, ɗansa zai fara faɗawa.

Ku yanzu komai sai kun baza shi a waya. Ganuwar da aka mutu a kanta kuwa, kuna gani ana kwashe ƙasarta ana kafa shaguna, ba mai cewa uffan.

Batun yarinyar, ka zo bayan Juma'a ka gaya mini unguwarsu da sunan waliyyinta. Kada ka kai wa Gwaggonka wannan tambayar.