Hukuncin kafa kyamara a gida don nuna rainon 'yan huɗu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni mazaunin Tudun Wada ne nan Zariya, iyalina ta haifi 'yan huɗu bayan yara uku da muke da su, wallahi madara da famfas kaɗai sun fi ƙarfin albashina, sai wasu masu shirin talabijin suka ce za su kafa kyamara a gidan suna ɗaukar yadda muke rainonsu kullum suna sakawa a tasha da YouTube su biya mu duk wata. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya su, ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Toh asalin mu'amala halas ce sai in dalili ya hana, kuma nuna yara su kaɗai ba haramun ba ne, amma wannan tsarin da ka faɗa na kyamara dare da rana a cikin gida bai halatta ba.

Duba Suratun Nur aya ta 58, Allah ya sa har yaran gida da ba su balaga ba sai sun nemi izini a lokuta 3, kafin sallar asuba da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya da bayan isha'i. Kuma a Bukhari da Muslim Annabi (SAW) ya ce an sanya neman izini ne saboda kallo. To in ɗanka na cikinka an tsayar da shi a bakin ƙofa, ina ga idon duniya? Mai jegon 'yan huɗu fa ba ta da lokacin kanta, shayarwa take, wanka take musu, wani lokacin ko ɗankwali babu, kuma masu irin shirin nan ba zaman lafiyarku ke kawo musu 'yan kallo ba, kuka suke so da gajiya da 'yar hayaniya tsakaninka da ita, ranar da babu su za su tayar.

Abin da ya fi damuna yaran ne, amana ne a hannunka kuma ba su da bakin cewa a'a, abin da ya hau intanet ba ya sauka, wata rana za su girma su tarar da bidiyon tsiraicinsu da fitsarin kwancensu a wayar 'yan ajinsu. An yi haka a Kanada da 'yan biyar ɗin gidan Dionne da aka haifa a 1934, mutane miliyoyi suka riƙa zuwa kallonsu, da suka girma suka koka sosai har gwamnatin lardinsu na Ontario ta biya waɗanda suka rage diyya a 1998. Ga kambun baka, hadisi ya tabbatar da cewa gaskiya ne, ka riƙa yi musu addu'ar da Annabi ke yi wa Hassan da Hussaini.

In hira ce ta lokaci-lokaci a zaure ko falo, uwar ta yarda da kanta ba tilas, ta suturta jikinta, ba a nuna al'aurar yara, kuma a rubuce kana da ikon hana sakin duk abin da ba ka so, wannan babu laifi. Kuɗin kuma akwai haƙƙinsu a ciki, a ciyar da su a ajiye musu saura. Sannan ka je wa limamin unguwarku da dangi da maganar, wanda ɗawainiya ta fi ƙarfin samunsa ya cancanci zakka, ba abin kunya ba ne.

Wallahu a'alam.