Tambayi Likita: Abin da Jiki Ya Gada Tun Kaka da Kakanni

Likita, jaririna wata biyu ke nan da haihuwa. Da an buga ƙofa sai ya zabura, ya ware hannuwa kamar zai faɗo. Surukata ta ce iska ce. Daga wata uwa a Ringim.

Maman jariri, kwantar da hankalinki. Duk lafiyayyen jariri da wannan zabura ake haihuwarsa, har mu kan gwada ta a asibiti don mu tabbatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na aiki. Wani likitan yara, Ernst Moro, shi ya bayyana ta a 1918. Masana suna ganin tsohuwar ɗabi'a ce ta neman ƙanƙame uwa idan jariri ya ji zai suɓuce, irin riƙon da ɗan biri ke yi wa gashin uwarsa. Tana ɓacewa tsakanin wata huɗu zuwa shida. Amma in hannu ɗaya kawai yake warewa, ko akwai zazzaɓi, sanƙarewa ko ƙin nono, ku tafi asibiti a ranar. Don Allah kada a turara masa hayaƙi, huhunsa bai yi ƙwari ba.

Ko igiya na gani a gona sai gabana ya faɗi, na ɗauka maciji ne. Ciwon zuciya ne? Daga wani manomi a Kura.

Malam, ba ciwo ba ne. Ƙwaƙwalwa na ba da umarnin tsalle tun kafin ido ya gama tantancewa, jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu. Dubban shekaru mutane suna zaune da kububuwa da kasa da gamsheƙa. Wanda ya tsorata da igiya bai yi asarar komai ba, wanda ya tsaya dubawa kuwa wani lokaci bai kai ga barin zuriya ba. Mu jikokin masu saurin zabura ne.

Abin da ke damuna shi ne babur, wanda ya zo jiya-jiya, jiki bai san tsoronsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, hatsarin hanya kuwa sama da miliyan ɗaya. Duk da haka sai ka ga magidanci ya ɗauki mutum uku ba hular kwano, ko a jikinsa. In maciji ya yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a garzaya inda ake da allurar maganin dafin maciji.

Ni da wadda zan aura duk AS ne. Me ya sa abin ya yi yawa a ƙasarmu? Daga wani matashi a Haɗejiya.

Ɗana, sauro ne sila. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji ƙwayar halittar sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensu, sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. A inda zazzaɓin ke ɗibar yara, su suka fi tsira, suka hayayyafa, har ya kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. Kariyar ba cikakkiya ba ce, gidan sauro yana nan dole.

Ga inda wuyar take. AS da AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato sikila. Kowane ciki lissafinsa daban, ba wai ɗa na huɗu ba ne, ana iya jera biyu ko uku. Na san rabuwa da wadda ake so ba wasa ba ne, amma ina ganin yaran nan da iyayensu a cikin dare, ƙashi na ciwo, ana neman jini. Ku sake gwajin a babban asibiti, domin akan sami kuskure. In sakamakon bai canza ba, ku zauna da likita da iyayenku tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba.