Da gaske likitan ido ne ya samo allurar Botox, kuma tana gyara harara-garke?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara 3. Tun bara na lura idonsa na hagu yana shigewa ta wajen hanci, musamman in yana kallon abu a kusa. Mutanen gida suna cewa in ƙyale shi, zai miƙe da kansa. Sai kuma na ji ana cewa allurar Botox da ake yi don kawar da tamojin fuska, asalinta don irin wannan ido aka yi ta. Gaskiya ne? In haka ne, me zai hana a yi masa allurar a huta da tiyata? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yaro. Allah ya ba shi lafiya. Labarin da kika ji gaskiya ne, amma da wuya a ce allurar ce abin da ɗanki ya fi buƙata a yanzu. Bari mu bi maganar daga tushe, don ki ga inda allurar take aiki da inda ba ta yi.

Kowane ido tsoka shida ke juya shi. Biyu daga cikinsu suna ja-in-ja a kwance, ɗaya tana jan ido wajen hanci, ɗaya tana jan sa wajen kunne. In ɗaya ta rinjayi 'yar'uwarta, ko saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika musu bai daidaita ba, sai ido ya karkace, abin da muke kira harara-garke. Tun 1839, lokacin da wani likita mai suna Dieffenbach ya fara yanka tsokar ido a birnin Balin na Jamus, wuƙa ce kaɗai hanyar rage wa tsoka ƙarfi.

Dakta Alan Scott, likitan tiyatar ido a cibiyar binciken ido ta Smith-Kettlewell da ke San Faransisko a Amurka, shi ya sa kansa neman wata hanyar. Ya riga ya ƙware wajen soka siririyar allura cikin tsokar ido don auna wutar lantarkin da tsokar ke fitarwa in tana aiki. Sai ya ce, tunda allura na iya kaiwa ga tsokar daidai, me zai hana a zuba mata abin da zai kashe mata jiki? Ya gwada abubuwa da dama a kan birai, har da alkohol da dafin maciji. Wasu ba su daɗe suna aiki ba, wasu sun yi ɓarna. Wanda ya yi daidai shi ne gubar da ƙwayar cutar botulinum ke fitarwa, wadda aka sani da kashe mutane ta hanyar gurɓataccen abincin gwangwani da niƙaƙƙen naman da ake cusawa cikin hanji, wato sosej. Ɗan mitsitsinta ya raunana tsokar da aka nufa na tsawon makonni, ba tare da ya taɓa sauran jiki ba. Ya wallafa sakamakon a 1973. Wani masanin sinadarai, Edward Schantz, shi ke tace masa gubar. A ƙarshen shekarun 1970 Scott ya fara yi wa mutane, ya fitar da rahoton a 1980, ya sa wa maganin suna Oculinum. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disamba 1989 don karkatar ido da kuma ciwon da ke sa fatar ido matsewa ba da son mutum ba. A 1991 kamfanin Allergan ya saye shi, sunan ya koma Botox. Maganar kwalliya daga baya ta zo. Wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, ita ta lura tamojin goshin marasa lafiyarta yana ɓacewa, kuma sai 2002 aka amince da shi don wannan.

Ga yadda ake yin ta ga babba. Ana ɗiga maganin kashe zafi a ido, a manna waya a goshi, a haɗa allurar da na'ura mai lasifika. Likita zai soka allurar ta cikin siririyar fatar da ke lulluɓe farin ido kusa da tsokar, ya ce wa mara lafiya ya kalli ɓangaren da tsokar ke ja. In bakin allurar ya shiga cikin tsoka, sai lasifikar ta ɗauki ƙara kamar ana soya gyaɗa a yashi. A nan ake zuba maganin, kimanin kashi ɗaya cikin goma na mililita, mai ɗauke da yunit 1.25 zuwa 5 gwargwadon girman karkatar. Gubar tana hana bakin jijiya sakin sinadarin da ke umartar tsoka ta motsa. Cikin kwana ɗaya ko biyu ake fara ganin aiki, ya yi ƙarfi a makon farko, tsokar ta zauna a sake na mako 2 zuwa 6, sannan ƙarfinta ya riƙa dawowa a hankali.

To in ƙarfin zai dawo, ina amfanin? Nan ne hikimar Scott take. A makonnin da tsokar take kwance, abokiyar ja-in-jarta tana janye ido zuwa ɗaya ɓangaren, har ya wuce tsakiya. Wadda aka yi wa allura tana miƙewa ta ƙara tsawo, ɗayar kuma ta gajarce. In maganin ya sake, sai a tarar ma'aunin ya sauya. In kuma ƙwaƙwalwar mutum tana da ikon haɗa hoton ido biyu ya zama ɗaya, ita za ta riƙe idanun a sabon matsayin. Wanda ba shi da wannan ikon, sau da yawa idon yakan koma gidan jiya, sai an maimaita. Saboda haka allurar ta fi dacewa da karkata ƙarama ko matsakaiciya, da ragowar karkata bayan tiyata, da kuma wanda jijiyar da ke jan idonsa waje ta shanye sabuwar shanyewa, kamar yadda ake gani ga masu ciwon suga, hawan jini ko wanda ya bugu a ka. Ba ta yin abin kirki in karkatar ta yi yawa ƙwarai, ko tabo ya riƙe tsoka.

Tana da nata matsalolin. Maganin yakan yoyo zuwa tsokar da ke ɗaga fatar ido, sai fatar ta sauko ta rufe rabin ido na wasu makonni. Yakan taɓa tsokar sama ko ta ƙasa, ido ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Babba yakan riƙa ganin abu biyu-biyu kafin komai ya lafa. Akwai kuma haɗarin allura ta huda ƙwayar ido, ko da yake ba kasafai ba. Ga ƙaramin yaro dole sai an sa shi barci, don haka ba a kauce wa ɗakin tiyata ba ke nan. Amincewar 1989 ma ta 'yan shekara 12 zuwa sama ce, ƙananan yara ƙwararru ne ke yi musu bisa nasu nazarin.

Yanzu ga ɗanki. Idon da ya fara shigewa ciki wajen shekara 2 zuwa 3, yana kuma ƙaruwa in yaro ya kalli abu a kusa, yawanci alamar ido ne mai buƙatar tabarau. Yaron yana yunƙuri sosai kafin hoto ya fito masa sarai, wannan yunƙurin kuma a haɗe yake da juyo da idanu ciki. Ana gane haka ne in an ɗiga masa maganin da ke sassauta ido ya buɗe baƙin, kamar atirofin, sannan a auna. In ba a ɗiga ba, awon ba zai fito daidai ba, domin idon yaro yana ɓoye matsalar. Ki sani hasken rana zai dame shi kuma ganin kusa zai dushe na ɗan lokaci, da atirofin har ya kai mako guda ko fiye. In wannan ne ciwon, tabarau kaɗai kan miƙar da ido, da sharaɗin ya wuni da shi a fuska. Yi wa irin wannan ido allura ko tiyata kafin a gwada tabarau kuskure ne.

Abin da ya fi karkatar kanta haɗari shi ne ƙwaƙwalwar yaro tana daina sauraren idon da ya karkace don gudun ganin biyu-biyu, sai ganin idon ya tsaya bai girma ba. Maganinsa a rufe lafiyayyen idon da filasta ta musamman a kan fata, awa 2 a rana in raunin matsakaici ne, awa 6 in ya yi tsanani, yaron yana zane ko wasan da ke sa shi duba abu da kyau. Zai yi kuka ya ɓalle ta, a daure. Wannan ya fi ci kafin shekara 7 ko 8. Shi ya sa maganar "zai miƙe da kansa" ba ta karɓu ba. Jariri ne ɗan ƙasa da wata 4 ake yi wa uzurin ido ya riƙa yawo jefi-jefi.

In bayan tabarau da filasta akwai sauran karkata, sai a zo maganar allura ko tiyata. A tiyata ba a ciro ido daga gurbinsa, kamar yadda ake tsorata iyaye. Tsokar wajen hanci tana manne ne kimanin milimita 5.5 daga gefen baƙin ido. Likita zai cire ta daga nan, ya mayar da ita baya da 'yan milimitoci da aka lissafa daga awon karkatar, ya ɗinke da zare mai narkewa. Ido zai yi ja na wasu makonni, wasu yaran kuma sukan buƙaci aiki na biyu.

Ki nemi likitan ido mai duba yara, a asibitin koyarwa ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ki tafi da hotunansa na da da na yanzu. Ki roƙi a duba har bayan ido. In kin taɓa ganin tsakiyar baƙin idon yana ƙyalli fari a hoto ko a hasken tocila, ko karkatar ta zo da ciwon kai da amai, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki kai shi a yau.

Shi kuwa Dakta Scott, bai bi kasuwar kwalliya ba. Ya koma kan ɗaya rabin matsalar, wato yadda za a ƙara wa tsoka mai rauni ƙarfi ba tare da yanka ba. Ya riƙa gwada allurar bupivacaine, maganin kashe zafi da ke lalata zaren tsoka, sai tsokar ta sake ginuwa da kauri da gajarta, wani lokaci yana haɗa ta da Botox a tsokar da ke ɗaya gefen. Yana kan wannan aiki har tsufansa, ya rasu a Disamba 2021 yana da shekara 89.