IMF da Bankin Duniya abu ɗaya ne? Me ya sa bashinsu ke zuwa da sharuɗɗa?

Tambaya: Kullum a labarai ina jin ana ambaton IMF da Bankin Duniya tare. Shin hukuma ɗaya ce mai suna biyu? Sannan me ya sa duk ƙasar da ta ci bashin IMF sai ka ji an cire tallafi, darajar kuɗinta ta faɗi?

Amsa: Malam, hukumomi biyu ne, amma ba laifinka ba ne idan sun yi maka kama. A taro ɗaya aka kafa su, wanda wakilan ƙasashe 44 suka yi a Bretton Woods ta Amurka cikin Yulin 1944, tun Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba. Hedikwatocinsu suna Washington, titi ne kawai ya raba su, kuma ƙasa ba ta shiga Bankin Duniya sai ta fara zama mamba a IMF.

Aikin Bankin Duniya ba shi da wuyar fahimta. Bashin ayyuka yake bayarwa, na dogon zango: hanya, lantarki, madatsar ruwa, makaranta, asibiti. Bashinsa na farko Faransa ya ba a 1947, dala miliyan 250, don ta farfaɗo daga ɓarnar yaƙi. A 1960 aka buɗe masa reshen IDA, mai ba ƙasashe matalauta rance mai sauƙin ruwa ko kyauta.

Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ba ya gina ko gada ɗaya. Ana zuwa wurinsa ne idan kuɗin waje sun ƙare wa ƙasa. Kowace ƙasa tana samun dala daga kayan da take fitarwa, da baƙi masu yawon buɗe ido, da abin da 'yan ƙasarta mazauna ƙetare ke aikowa. Da dalar take sayo mai da magani da injuna, da ita take biyan bashin waje. Idan fita ta daɗe tana fin shiga, asusun ajiyar babban banki ya ƙafe, masu ba da rance su janye hannu, to ba sauran ƙofa sai ta IMF.

Dubi Siri Lanka. Gwamnati ta zaftare haraji a 2019, korona ta kashe yawon buɗe ido, sannan aka hana shigo da takin zamani a 2021, noma ya yi ƙasa. A Afrilun 2022 ƙasar ta dakatar da biyan bashin waje. Mutane suna kwana a layin mai, wuta tana ɗaukewa sa'o'i da yawa kullum, a Yuli shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere daga ƙasar. Sai a Maris na 2023 IMF ya amince da rancen kusan dala biliyan 3. Lura da jerin abubuwan: kuɗin ƙasar, mai suna rufi, ya rushe ne tun Maris na 2022, shekara guda kafin rancen.

Ba ina wanke IMF ba ne. Sau da yawa shi ke cewa a saki kuɗin ƙasa kasuwa ta yanka masa farashi, wani lokaci ma kafin ya sa hannu. Hujjarsa ita ce, idan babban banki yana sayar da dala a kan farashin da bai kai na kasuwa ba, duk dalar da aka ranta masa za ta bi ta nan ta zurare, masu hanya su saya da araha su kai kasuwar bayan fage. Tallafi kuwa yana kallonsa a matsayin abin da ke buɗe giɓin kasafin kuɗi, giɓin da ake cikewa da sabon bashi ko buga takardun kuɗi. Don kada a yi masa alkawarin baka, ba ya ba da kuɗin gaba ɗaya. Kashi-kashi yake saki, kowane kashi sai ma'aikatansa sun zo sun duba littattafai.

A lissafi, maganar tana da kai. Inda nake ja da su shi ne nauyin tsuke bakin aljihun, da saurinsa, da wanda ake ɗora wa. Bayan da Meziko ta kasa biyan bashi a 1982, shirye-shiryen gyaran tattalin arziki sun mamaye Afirka da Latin Amurka, a nan ne ma hukumomin biyu suka haɗa kai har aka daina bambance su. An rage ma'aikata, an sayar da kamfanonin gwamnati, an sa kuɗi a asibiti da makaranta, bashin ƙasashe matalauta kuma bai ragu ba, har sai da aka fito musu da shirin yafe bashi mai suna HIPC a 1996. A rikicin kuɗi da ya faɗa wa ƙasashen Asiya a 1997, Malesiya ƙarƙashin Mahathir Mohamad ta ƙi rancen IMF, ta taƙaita fitar da jari a 1998, aka yi ta yi mata ba'a, kuma ta farfaɗo. A 2012 asusun ya yarda cewa irin wannan mataki yana da amfani a wasu lokuta. A 2013 kuma ya amsa cewa ya raina irin illar da tsuke bakin aljihu zai yi wa Girka.

Amma fa ba kowa ne ya fita da kuka ba. Koriya ta Kudu ta karɓi rancen a ƙarshen 1997, ta gama biya a 2001, kafin wa'adi.

Abin da ya fi ci wa ƙasashe masu tasowa tuwo a ƙwarya shi ne wa ke tsara sharuɗɗan. A IMF ƙuri'a tana bin girman hannun jarin ƙasa. Amurka tana da kusan kashi 16.5 cikin ɗari, manyan shawarwari kuma sai da kashi 85, ka ga ita kaɗai tana iya hawa kujerar na-ƙi. Sin, duk girman tattalin arzikinta, kusan kashi 6 take da shi. Shugaban IMF tun kafuwarsa daga Turai yake fitowa, na Bankin Duniya kuwa Amurka ke tsayar da shi, ba don wata rubutacciyar doka ba. Ko gyaran rabon ƙuri'u da aka amince da shi a 2010 sai da ya jira majalisar dokokin Amurka har ƙarshen 2015, ya fara aiki a Janairun 2016.